Anthony Allison Da Asirin Amosanin Jini

Akwai wata cuta da ta daɗe tana wahal da mutane a ƙasashe masu zafi, wadda Hausawa ke kira amosanin jini, a asibiti kuwa a kan ce mata sikila. Yaron da ke da ita ba ya rabuwa da ciwon gaɓoɓi da ƙarancin jini. Tun yana goye hannuwansa da ƙafafunsa su kan kumbura, idanunsa su yi ɗorawa. In hunturu ya shigo, ko damina ta zauna, sai ciwon ya motsa, ya kwana yana kuka, uwarsa ta kwana tana riƙe da shi. A zamanin da, galibin irin yaran nan ba su kai shekara biyar a duniya. Akwai gidan da za a binne 'ya'ya uku ko huɗu a jere, har a shiga zargin mayu ko iskoki, ko kuwa a ce uwar wabi ta ke yi.

Cutar nan ba ɗaukarta a ke yi ba kamar ƙyanda ko agana, gadonta a ke yi. To, a nan ne wata tambaya ta ɗaure wa masana kai. In manomi yana da irin dawa wanda ba ya kai ga fid da kai, ai bayan 'yan shekaru irin nan zai ƙare daga rumbu. Amma ga cuta tana kashe masu ita tun ba su isa aure ba, balle su haifu su bar wa na baya, duk da haka ba ta ƙare ba, a waɗansu ƙasashe ma yawa gare ta ƙwarai. Me ke riƙe da ita? Wanda ya warware wannan ƙulli wani likita ne Bature mai suna Anthony Allison, kuma sa'ad da ya fara hango amsar ko karatun likita bai gama ba.

An haife shi a Afirka ta Kudu cikin shekarar 1925, amma a Kenya ya tashi. Ubansa yana da gona kusa da wani gari wai shi Gilgil, bisa tudu mai sanyi, inda a ke noman wani fure da a ke yin maganin ƙwari da shi. Tun yana yaro ya ke ganin kabilu iri iri suna wucewa, waɗansu makiyaya, waɗansu manoma, ko wace da harshenta da kamanninta, ya riƙa tambayar kansa ina asalinsu, kuma wace ce 'yar'uwar wace. Yana da shekara goma zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ya sha wuya ƙwarai kafin ya tashi. Da ya girma aka kai shi Jami'ar Witwatersrand a birnin Johannesburg, ya fara karatun likita, daga nan ya wuce Jami'ar Oxford a Ingila cikin 1947.

Cikin 1949 waɗansu ɗaliban Oxford suka shirya tafiya zuwa Dutsen Kenya, don su binciki tsire-tsire da ƙwari na wurin. Allison ya bi su, amma shi jinin mutane ya je nema. A lokacin an riga an san jini rukuni rukuni ne, an kuma san gadonsa a ke yi, saboda haka ya yi tunanin in ya auna jinin kabilu dabam dabam zai gane waɗanda suka haɗa kaka. Ya yi ta yawo daga bakin teku zuwa tuddai, daga tuddai zuwa gaɓar Tafkin Biktoriya, yana karɓar ɗigon jini. Cikin gwaje-gwajen da ya ke yi har da na sikila, ko da ya ke ba shi ne babban abin da ya kai shi ba.

Kafin a ci gaba, ya kamata mai karatu ya san yadda cutar ta ke. Cikin jinin mutum akwai waɗansu jajayen ƙwayoyi, ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita. Aikinsu ɗaukar iskar da mutum ya shaƙa daga huhu, su kai ta ko'ina cikin jiki. Ƙwayar mai lafiya a kewaye ta ke kamar ɗan faifai, ga ta da laushi, ta kan lanƙwasa ta wuce ta jijiyar da ta fi silin gashi siranta, ta kan kuma yi kamar kwana 120 tana aiki. Ta mai sikila kuwa, da zarar iska ta yi mata ƙaranci sai ta ƙandare, ta tanƙware kamar lauje. In irinsu suka taru sai su toshe ƙananan jijiyoyi, jini ya kāsa wucewa, shi ne ciwon nan mai tsanani. Ba su kuma daɗewa, kwana 10 zuwa 20 sun mutu, shi ne ƙarancin jinin. Wani likita na birnin Shikago a Amurka, James Herrick, shi ya fara ba da labarin ƙwayoyin nan masu kama da lauje cikin 1910.

Yadda a ke gadonta kuwa, cikin shekarar nan ta 1949 ne wani masani, James Neel, ya bayyana shi sosai. Ko wane mutum yana ɗauke da ƙwayar gado biyu ta wannan sha'ani, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai kyau a kan kira ta A, mai lahani a kira ta S. A kwatanta da mutumin da ke da goro biyu a aljihu. Wani duka biyun farare ne, watau AA. Wani duka biyun jajaye, watau SS, shi ne mai cutar. Wani kuwa ɗaya fari ɗaya ja, watau AS, shi lafiyarsa ƙalau, yana noma, yana fatauci, bai ma san yana ɗauke da kome ba. Ko wane ciki aka samu, uba ya kan sa hannu a aljihu ba tare da ya duba ba ya ba da goro ɗaya, uwa ma haka. In su biyun AS ne, hanya huɗu ke nan: fari da fari, fari da ja, ja da fari, ja da ja. Ashe ke nan ko wane ciki yana da hatsarin ɗaya cikin huɗu ya zo da cutar.

Da Allison ya zauna ya jera sakamakon gwajinsa, sai ya ga abin mamaki. Mutanen bakin teku da na gaɓar tafki, cikin ko wane 100 fiye da 20 suna ɗauke da S. Mutanen tuddai kuwa, ko ɗaya cikin 100 bai cika ba. Abin bai bi harshe ba, bai kuma bi dangantaka ba. Ga kabilu biyu masu harshe kusan ɗaya, amma ta tudu ba ta da shi, ta kwari tana da shi jingim. Ga waɗansu kuma ba abin da ya haɗa su ta wajen asali, amma da ya ke duk a fadama su ke zaune, jininsu ya zo daidai. Ruwa dai ba ya tsami banza. Ya tambayi kansa, me bakin teku da gaɓar tafki suka tara wanda tudu ba shi da shi? Zafi, da ruwa kwance, da sauro. Ya kuwa san aikin sauro a jikinsa.

Ga yadda tunaninsa ya tafi. A ƙasar da zazzaɓi ya yi katutu, yaro mai AA yana cikin hatsarin zazzaɓi, mai SS yana cikin hatsarin sikila. In ya zamana ƙwayar S guda ɗaya tana kāre mai ita daga zazzaɓi, to, mai AS ya tsira ta fuska biyu. Irinsa za su fi yawan rayuwa, su girma, su yi aure, su miƙa wa 'ya'yansu S ɗin nan. Abin da mutuwar masu SS ta rage, rayuwar masu AS ta mayar, kamar ma'auni mai kwano biyu da ya tsaya daidai. A tudu kuwa, inda babu zazzaɓi, S ba ta da wani amfani sai hasara, saboda haka ba ta zauna ba.

Amma tunani dabam, hujja dabam. Allison ya koma Ingila, ya haƙura ya ƙare karatunsa cikin 1952, kana ya komo Afirka ta Gabas cikin 1953, ya yi kusan shekara guda yana aiki. Ya ɗora wa maganarsa gwaji uku, ya san in ta fāɗi ko da guda, ta rushe.

Na fari, ya je wajen birnin Kamfala a Yuganda, ya auna jinin yara 290, daga 'yan wata biyar zuwa 'yan shekara biyar. Cikin 247 da ba su da S, ya sami ƙwayar zazzaɓi a jinin 113, watau kusan 46 cikin 100. Cikin 43 masu AS kuwa, 12 kaɗai ke da ita, watau kamar 28 cikin 100.

Na biyu, a Nairobi akwai wani wuri da a ke gwada magungunan zazzaɓi, inda a kan sa wa mutane ƙwayar cutar da gangan, sa'an nan a ba su magani. Aka sami maza 30 na kabilar Luwo, 15 masu AS, 15 marasa ita, aka sa musu ƙwayar. Cikin marasa ita, 14 suka kamu. Cikin masu AS, 2 kaɗai. Bayan haka aka yi musu magani duka. A yau ba a yarda a yi irin wannan gwaji ba sai hukuma ta musamman ta duba ta ba da izini, an kuma fahimtar da ko wane mutum hatsarin da ke ciki, ya yarda don kansa.

Na uku, ya zaga Kenya da Yuganda da Tanganyika, ya auna mutum wajen 5,000 daga kabilu 35. Duk inda zazzaɓi ke nan rani da damina, ya tarad da S da yawa, har a wajen kabilar Ba'amba ta yammacin Yuganda ta kai kamar 40 cikin 100. Inda babu zazzaɓi kuwa, da ƙyar a ke samunta. Cikin watan Fabrairu na 1954 ya buga sakamakon a mujallar likitocin Ingila, yana da shekara 28.

Ba nan da nan manyan masana suka karɓa ba. Waɗansu suka ce ƙaura ce ta kawo S daga wajen Indiya, rabuwarta cikin kabilu kuwa sawun tafiya ne kurum. Waɗansu suka ce a'a, ƙwayar A ce ke yawan rikiɗa ta zama S cikin baƙaƙen mutane. Cikin 1955 aka sāke gwajin sa wa mutane zazzaɓi a wani kurkuku na Amurka, ba a ga wani babban bambanci ba, masu musu suka sami abin riƙewa. Sai a hankali aka gane inda gizo ke saƙar. Amfanin S ba hana kamuwa ba ne, hana zazzaɓin yin tsanani ne, kuma ga ƙananan yara ya fi bayyana, su da zazzaɓi ya fi kashewa. Binciken da aka yi daga baya a Gambiya da Kenya ya nuna cewa hatsarin zazzaɓi mai tsanani, irin mai sa suma da taune-taune, ya kan ragu da kusan kashi tara cikin goma ga yaro mai AS. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, ƙwayar zazzaɓi cikin jan ƙwayar jini ta ke zama tana ci. In ta shiga ta mai AS sai ƙwayar jinin ta tanƙware, saifa kuwa ta tsince ta ta hallaka, da ita da baƙon da ke cikinta.

Wata babbar shaida daga ƙasar Hausa ta fito. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya sun yi wani dogon bincike bisa zazzaɓi a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano, yanzu kuwa tana Jihar Jigawa. Da aka auna jarirai, aka sami kamar 2 cikin 100 masu SS ne, amma cikin manyan yara da magidanta da wuya a ga ko ɗaya, duk sun riga sun tafi. Masu AS kuwa, cikin jarirai kamar 24 ne cikin 100, amma cikin waɗanda suka wuce shekara biyar sun kai kusan 29. Ba ƙaruwa suka yi ba, 'yan'uwansu ne zazzaɓi ya rage. Ma'aunin nan mai kwano biyu da Allison ya kwatanta, ga shi an gan shi a fili.

Shi kuwa bai tsaya nan ba. Cikin 1954 ya tafi Kalifoniya wurin Linus Pauling, masanin da ya nuna tun 1949 cewa lahanin sikila yana cikin sinadarin nan da ke sa jini ja. Bayan shekara biyu zuwa uku wani masani a Ingila, Vernon Ingram, ya gano ainihin wurin. Sinadarin kamar carbi ya ke, wani silinsa yana da ƙwaya 146, ta shida ce kaɗai ta sāke. Duk wahalar nan daga ƙwaya ɗaya ta ke.

Allison ya yi wajen shekara 20 yana bincike a Landan. Shi da abokinsa Baruch Blumberg suka fito da wata dabara ta gano bambance-bambancen jini, ta hanyar duba jinin majinyatan da aka yi wa ƙarin jini sau da yawa. Da dabarar nan ce Blumberg ya ci gaba har ya gano ƙwayar cutar hanta mai suna B, aka ba shi kyautar Nobel cikin 1976. Cikin 1978 Allison ya koma Nairobi ya shugabanci wata ma'aikata ta binciken cututtukan dabbobi, irin su sammore. Cikin 1981 ya shiga wani kamfanin magunguna a Kalifoniya, inda shi da matarsa Elsie Eugui suka yi shekaru suna aikin wani magani da ke hana jiki ƙin ƙodar da aka dasa masa. An ba da izinin sayar da shi cikin 1995 da sunan CellCept, ya kuwa amfani mutane masu ɗimbin yawa. Allison ya rasu a Kalifoniya cikin Fabrairu na 2014, yana da shekara 88.

Kafin ya rasu ya ga ilmin nan ya kai inda ba a zata ba. Sa'ad da ya fara, kayan aikinsa allura ne da gilashi da madubin likita. Cikin 2003 masana na ƙasashe da yawa suka gama karanta kusan dukan rubutun gadon ɗan Adam, wanda ke ƙunshe cikin ƙwayoyin jikinsa, harafi wajen miliyan 3,000. Bambancin A da S harafi ɗaya ne tak cikin waɗannan. Cikin 2018 waɗansu masana biyu, Daniel Shriner da Charles Rotimi, shi Rotimi haifaffen birnin Benin ne a Nijeriya, suka gwada rubutun gadon mutane kusan 3,000. Suka ce alamu sun nuna S sau ɗaya ta ɓullo, a jikin mutum guda a Afirka, kamar shekara 7,300 da suka wuce, zamanin da Sahara ke da tafkuna da ciyawa. Waɗansu masana sun ƙiyasta ta fi haka daɗewa. In dai daga mutum guda ta fito, to, duk mai ɗauke da ita, Bahaushe ne ko Bayarabe, Balarabe ko mutumin Indiya, sun haɗa kaka ta wannan fuska. Tambayar da ta fid da Allison daga gida, watau wa ke ɗan'uwan wa, ta sami amsa ta ƙofar da bai nufa ba.

A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka yarda da wani sabon magani, inda a ke ɗebo ƙwayoyin da ɓargo ke yin jini da su, a gyara rubutun gadonsu, a mayar. Amma kuɗin da aka sa masa a Amurka ya wuce dala miliyan 2 ga mutum guda, saboda haka bai zama na talaka ba. Alhali kuwa nauyin yana wuyan talaka. Cikin 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar yara wajen 150,000 masu sikila ko wace shekara a Nijeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da S.

Abin da ke hannun kowa shi ne gwajin jini, ga shi da araha, ba ya kuma ɗaukar lokaci. Cikin 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta kafa doka ta wajabta shi kafin ɗaurin aure. Amma gwajin da aka yi ana gobe ɗaurin aure, bayan an kai lefe an raba goro, ya zo a makare, don a lokacin ne a kan rufe ido a ce Allah ya kiyaye. Ya fi kyau saurayi da budurwa ko wanne ya san nasa tun magana ba ta je gaban manya ba. Akwai kuma wata ƙwaya mai suna C a Afirka ta Yamma, wadda in ta haɗu da S ita ma ta kan kawo cutar, gwajin nan ɗaya ke nuna su duka. Kada kuma ma'aurata masu AS su ce tun da ɗan fari ya zo da cutar, uku na bayansa sun kuɓuta. Ko wane ciki sabon sa hannu ne a aljihu.

Binciken Allison ya kau da zargi iri biyu. Uwar da 'ya'yanta ke mutuwa da sikila ba ita kaɗai ta ba su ba, rabi daga uban ya fito, saboda haka sakinta ko yi mata gori zalunci ne. Mai AS kuma ba shi da abin kunya, abin da ke jininsa shi ya tsamo kakanninsa daga bakin zazzaɓi, ko da ya ke bai isa ya sa shi ya yar da gidan sauro ba. Yaron da aka riga aka haifa da SS kuwa, ba a fid da rai da shi. Zazzaɓi ya fi yi masa illa bisa kowa, don haka a kwantar da shi cikin gidan sauro, a yawaita ba shi ruwa, a rufa masa jiki lokacin sanyi, a kai shi rigakafi, a riƙa karɓo masa magungunan da likita ya rubuta, in jikinsa ya yi zafi kuwa kada a kwana da shi a gida. Da irin wannan kula, da yawa daga cikinsu sun girma, sun yi karatu, sun yi aure, suna riƙe da gidajensu.